Littafin aikin furen okid: renon kwalba da dashen ƙwayar gado

Litinin, 8 ga Janairu, 2024

Yau takardar amincewa ta iso daga kwamitin jami'a mai sa ido kan irin wannan aiki. Wata uku ina jiran ta. A nan Malesiya dokar 2007 ce ke tafiyar da duk abin da ya shafi halittar da aka sauya wa ƙwayar gado, ko da a cikin rufaffen ɗaki za a yi aikin, shi ya sa tun zuwana ban taɓa bakteriyar da zan yi dashen da ita ba. Tsiro kawai nake ta reno. Daga yau zan riƙa rubuta abin da na yi a nan, don kaina da kuma duk wanda zai bi wannan hanya a bayana.

Furen da nake aiki a kai shi ne Dendrobium Sonia, mai launin shunayya da fari a tsakiya, wanda Tailan ke fitarwa kasuwannin duniya. Babbar cutarsa wani bairos ne da ake kira CymMV. Yana bin aska da almakashin yanka daga wannan tsiro zuwa wancan, ganye ya yi dabbare-dabbare, fure ya lalace, kuma in ya kama tsiro babu feshin da ke fitar da shi. Burin Farfesar da ke duba aikina shi ne a dasa wa furen ƙwayar gadon da za ta sa ya jure wa cutar. Rabona a ciki shi ne matakin farko, wato in tabbatar cewa hanyar dashen tana aiki a hannunmu. Ƙwayoyin gado biyu zan shigar. Ɗaya tana sa tsiro ya jure wa guba mai suna haigromaisin, ɗayar kuma, gus, tana sa naman tsiron ya koma shuɗi idan an jiƙa shi da wani sinadari. Ta farko rariya ce, ta biyu shaida.

Ba ganye ko saiwa zan yi amfani da su ba. A cikin kwalba okid yana yin wasu 'yan dunƙule kore masu girman ƙwayar dawa, waɗanda ake kira PLB, kowane ɗaya yana iya zama cikakken tsiro, in an tsaga shi kuma ya haifi wasu. Georges Morel na Faransa ne ya nuna wa duniya wannan a 1960 da Cymbidium, kuma a kansa yawancin kasuwar okid ta yau ta tsaya. Ina da kwalba 18 cike da su.

Alhamis, 11 ga Janairu

Haɗa abinci. Rabin ƙarfin gishirin MS, wato haɗin takin da ake renon tsiro da shi a kwalba, sukari giram 20 a lita, ruwan ɗanyar kwakwa kashi 15 cikin ɗari, tsami a 5.7, sai abin daskarwa. Tukunyar matsi minti 20 a digiri 121. Kwakwa shida daga bakin titi, ringit 30. Na tace ruwan, na raba a 'yan robobi, na daskare.

Litinin, 15 ga Janairu

Kafin a dasa komai sai an san yawan gubar da ke kashe tsiron da ba a taɓa ba. In ta yi kaɗan kowa zai tsallake, in ta yi yawa har wanda ya karɓi dashen zai mutu tun bai miƙe ba. Kanamaisin da ake yawan amfani da shi a kan taba da tumatir ba ya cika tasiri a kan okid, shi ya sa muka zaɓi haigromaisin. Na zuba faranti a matakai bakwai: 0, 5, 10, 15, 20, 25 da 30 miligiram a lita, faranti uku a kowane mataki, dunƙule goma a kowane faranti. Dunƙule 210 ke nan, kuma kusan duk za su mutu. Na ji zafin wannan ƙwarai, don ni na rene su, amma babu yadda za a kauce masa.

Babbar ma'aikaciyar ɗakin, wadda kowa ke kira Kak, wato yaya da Malayanci, ta tsaya a kaina har na sa safar hannu biyu da takunkumi. Haigromaisin ba abin wasa ba ne ga mutum ma. Ƙaramar kwalbarsa ringit 780.

Talata, 23 ga Janairu

Fumfuna a kwalba biyu daga cikin na ajiya. Na kai su tukunyar matsi ba tare da na buɗe ba. Saura 14 bayan waɗanda na ɗiba makon jiya.

Litinin, 29 ga Janairu

Yau na fito da bakteriyar daga firjin digiri 80 ƙasa da sifiri. Na kankaro ɗan kaɗan da tsinke, na shafa a faranti mai kanamaisin da rifamfisin, magungunan da ita take jure wa, na sa a digiri 28.

Sunanta Agrobacterium tumefaciens. A cikin ƙasa take zaune, kuma duk manomin da ya taɓa ganin wani ƙullutu kamar ƙari a gindin itacen marmari, daidai inda kara ya haɗu da ƙasa, ya ga aikinta. Tun 1907 aka gano ita ce ke jawo shi. Abin da ba a sani ba sai a shekarun 1970 shi ne yadda take yi. Idan tsiro ya ji rauni yana fitar da wasu sinadarai, ita kuma ta shinshino su, ta manne, sai ta yanko wani guntu na DNA ɗinta ta tura cikin ƙwayar tsiron. Guntun ya shige cikin gadon tsiron ya zauna daram, daga nan tsiron ya shiga kumbura yana dafa mata abincin da ita kaɗai ke iya ci. Mary-Dell Chilton a Amurka, da Marc Van Montagu da Jeff Schell a Beljiyam, su ne kan gaba wajen warware wannan. Da aka gane, sai aka cire mata ƙwayoyin da ke sa ƙari, aka bar mata iya tura saƙo, ya zama kai ne ke rubuta saƙon. A 1983 aka fara samun tsire-tsiren da aka yi wa dashe ta wannan hanya.

Nau'in da ke hannuna EHA105 ne, ɗauke da pCAMBIA1301, zoben DNA da ke riƙe da ƙwayoyin gadon nan biyu. Matsalar ita ce okid dangin shinkafa da masara ne ta fuskar tsaga ɗaya, wato irinsu da ganye ɗaya yake tsirowa, kuma irin waɗannan ba su cika kiran bakteriyar ba in sun ji rauni. Sai an ƙara wani sinadari, asetosiringon, wanda aka fara ganowa a raunin ganyen taba, shi ke farkar da ita ta fara aiki. Da shi masu bincike a Japan suka ci nasara a kan shinkafa a 1994.

Alhamis, 1 ga Fabrairu

Ta fito, 'yan ɗigo farare masu sheƙi. Faranti ya shiga firji.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Mako huɗu da gwajin guba. A 0 da 5 komai kore shar. A 10 kusan rabi sun yi ruwan ƙasa. A 15 biyar cikin 30 suna da sauran rai. Daga 20 zuwa sama babu ko ɗaya. Zan tsaya a 20, amma zan fara da 10 na mako biyu don kada in dake su lokaci guda.

Sefotaksim da na yi oda bai zo ba. Shi ne maganin da zan kashe bakteriyar da shi bayan ta gama aikinta. Hutun sabuwar shekarar Sinawa ya faɗo ranar Asabar, kamfanoni da yawa a rufe, an ce sai ƙarshen wata. A firjin ɗaki akwai wani da aka narkar tun Nuwamba. Zan yi da shi, don dunƙulen sun kai lokacin da ya dace, in suka ƙara mako biyu za su fara fitar da ganye.

Litinin, 19 ga Fabrairu

Dashe na farko. Jiya da yamma na sa bakteriyar a ruwan reno tana girgiza. Da safe kaurinta a na'ura ya nuna 1.1. Takardun da na karanta yawanci suna tsayawa tsakanin 0.4 da 0.8, amma na ce tunda okid mai taurin kai ne, yawan ba zai ɓata ba. Na tsotse ruwan, na mayar da ita cikin ruwan MS mai asetosiringon 200. Dunƙule 120, kowane na soke shi da allura sau huɗu ko biyar, na jiƙa su minti 40, na tsane a takarda, na jera a faranti 12. Sun shiga duhu. Awa biyar a zaune gaban teburin aiki mai hura tatacciyar iska, wuyana ya sage.

Alhamis, 22 ga Fabrairu

Kwana uku. Bakteriya ta lulluɓe su kamar an zuba musu koko. Wanki uku da ruwa mai tsabta, ɗaya da ruwan sefotaksim, sannan faranti sabo. Na ware goma na jefa a ruwan X-Gluc, sinadarin da ke fito da shuɗin gus, digiri 37, su kwana.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Bayan na fitar da koren da barasar gwaji, na duba a madubin ƙara girma. Huɗu cikin goma suna da ɗigon shuɗi, ƙanana kamar bakin allura, duk a gefen inda na soka. Na daɗe ina kallo. Abin da ke sa wannan ɗigo ya zama hujja shi ne an saka wani tsaiko a tsakiyar ƙwayar gus ɗin, wanda ƙwayar tsiro ce kaɗai ta iya cire shi ta karanta sauran. Bakteriya ba ta iyawa. Don haka shuɗin ba nata ba ne, na okid ne. Saƙo ya isa ciki.

Isa ciki ba zama ba ne. Yawancin waɗannan ɗigo za su ɓace cikin kwanaki, don guntun ya shiga ɗaki amma bai samu wurin zama a cikin gadon ba. Duk da haka na tura wa Farfesa hoto, ta amsa da kalma ɗaya ta yabo.

Litinin, 4 ga Maris

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Faranti goma sha ɗaya, duka sun tafi.

Ranar Alhamis na ga wani ɗan hazo a gindin dunƙule biyu ko uku, na ɗauka ruwan da tsiron ke fitarwa ne. Juma'a ban shigo da rana ba. Yau na buɗe ɗakin reno na tarar da kowane faranti ya cika da farin yauƙi, dunƙulen sun nutse a ciki, sun yi laushi, in ka taɓa da hantsaki sai su fashe. Na zaɓi ashirin da suka fi ƙarfi na wanke sau shida na sauya musu wuri, amma ko a lokacin na san aikin banza ne, don launinsu ya riga ya koma na dafaffen wake. Kak ta zo ta duba, ba ta ce komai ba, ta miƙo mini jakar da ake zuba abin da za a ƙona. Dunƙule 110, renon wata biyar.

Da la'asar Farfesa ta kira ni ofis. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in rubuto mata duk abin da na yi daga ranar 18 zuwa yau, har da abin da nake ganin ba shi da muhimmanci. Ina cikin rubutawa na fara ganin inda na kauce.

Alhamis, 7 ga Maris

Sabon sefotaksim ya zo ranar Litinin ɗin nan, giram 5, ringit 320. Na yi gwaji mai sauƙi: faranti uku, ɗaya da tsohon magani, ɗaya da sabo, ɗaya babu komai, na shafa bakteriya a kowanne. Yau na duba. Na sabo fes. Na tsoho ya cika kusan daidai da wanda babu komai. Wato maganin da na dogara da shi ya mutu tuntuni. In an narkar da shi dole ya zauna a daskare, shi kuwa wata uku ya yi a firjin sanyi kawai.

Amma ba zan ɗora wa tsohon magani duka ba, domin kurakuran sun fi haka. Ban tsarma bakteriyar ba da na ga 1.1. Na bar su kwana uku a tare alhali tun kwana na biyu ana ganin ta da ido. Wankin ya yi kaɗan, kuma ban girgiza ba, ga shi jikin dunƙulen duk lungu ne da saƙo inda take ɓuya. Sannan ranar da na zuba faranti ina sauri, na zuba maganin cikin abincin tun kwalbar na ƙona hannu, ban jira ta sauko wajen digiri 50 ba. Ana cewa ido ba mudu ba ya san kima, amma a wannan ɗaki sai an auna. Na ƙarshe kuma, da na sauya faranti ranar Alhamis ɗin da na ga hazo, wataƙila da na tsira da wasu.

Abin da ke ba ni wuya a wannan aiki shi ne abu ɗaya ne ma'aikacinka kuma shi ne maƙiyinka. Kwana biyu kana lallaɓa ta, kana ba ta ɗumin da take so da sinadarin da ke tada ta, rana ta uku kuma so kake kada ko ɗaya ta rage. In ka gaggauta kashe ta ba ta gama tura saƙo ba, in ka jinkirta ta cinye tsiron.

Asarar kaya kusan ringit 400 in an haɗa X-Gluc da faranti da abinci. Lokacin ne ba ya ƙirguwa. Ga naira ta faɗi warwas a watan jiya, abin da ake turo mini daga gida ya koma kamar rabi in an canza.

Talata, 12 ga Maris

Ɗaya ga azumi a nan. Na sauya wa kwalaben ajiya abinci don su ba ni sabbin dunƙule mako mai zuwa.

Da dare na yi waya da Baba. Ya tambayi aiki, na gaya masa gaskiya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To kai yaro, furen nan dai ana cin sa ne?" Na ce, "A'a Baba, sai dai ɗan uwansa da ake samun banila a jikinsa, mai ƙamshin nan na kek. Amma hanyar da nake koyo ita ce aka bi aka yi waken nan da tsutsa ba ta ci." Nan take ya gane, don ya shuka shi. SAMPEA 20-T nake nufi, wanda cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta fitar a 2019. Da irin wannan bakteriya aka shigar masa da ƙwayar gadon da ke kashe tsutsar maruka, mai cinye fure da kwanso. Baba ya ce shi dai abin da ya sani feshinsa ya ragu sosai. Ya ce, "In haka ne ka koma ka sake. Wanda ya yi shuka tsuntsu ya tone ai ba ya barin gona." Ya sa mini albarka.

Na kwanta ina tunanin dankali. A 2015 aka gano cewa dankalin Hausa da muke ci yana ɗauke da guntayen DNA na irin wannan bakteriya a cikin gadonsa, ita ta saka su da kanta tun kafin a san wani abu wai ɗakin gwaji. Ba na cewa wannan ya rufe bakin masu tambaya a kan irin da aka sauya wa gado. Tambayar wa ke riƙe da iri, da nawa manomi zai saya, tambaya ce ta gaske kuma ina tare da masu yin ta. Amma wanda ya ce abin bai taɓa faruwa a halitta ba, bai san labarin dankali ba.

Talata, 19 ga Maris

Dashe na biyu, bayan sahur kai tsaye, lokacin ɗaki babu kowa kuma hannuna bai fara rawa ba. Kauri 0.5, na auna sau biyu. Jiƙo minti 30. Dunƙule 180, kashi uku, sittin-sittin: babu asetosiringon, 100, da 200. Sau biyu kacal na soki kowane da allura. Na shimfiɗa takardar tacewa a kan abincin kafin in jera su, don ta rage wa bakteriyar yaɗuwa.

Alhamis, 21 ga Maris

Kwana biyu cif. Wanki shida, biyu na ƙarshe da sefotaksim 500 ana girgizawa minti 20. Faranti mai 250, maganin an narkar da shi jiya, an tace, an zuba da ma'aunin zafi a hannu. Goma daga kowane kashi sun tafi rini.

Asabar, 23 ga Maris

Babu asetosiringon: ɗaya cikin goma. Na 100: shida. Na 200: bakwai. Ba zan ce 200 ya fi 100 ba, goma ta yi kaɗan a yanke hukunci a kan bambancin ɗaya. Abin da ya fito fili shi ne in babu sinadarin kusan babu dashe, kuma rage yawan bakteriyar bai rage shuɗin ba, ƙaruwa ma ya yi. Na lura na 200 sun fi saurin yin duhu a wurin suka.

Alhamis, 28 ga Maris

Sauyin faranti. Hazo a ɗaya daga na 200, na zubar da shi duka ban tsaya ceto ba. Saura 140.

Alhamis, 4 ga Afrilu

Wata matsala ta daban. Abincin da ke kewaye da wasu dunƙule yana rinewa ruwan ƙasa kamar shayi. Okid in ya ji rauni yana zubar da wasu sinadarai masu ɗaci, iska ta taɓa su su yi baƙi, kuma su ne ke komawa su kashe shi. Na rasa 23 ta haka, yawancinsu daga na 200. Wani abokin aiki ya ce in zuba garin gawayi a abincin, kamar yadda ake yi a renon okid na yau da kullum. Gaskiya ne gawayi na tsotse ɗacin, sai dai ba ya zaɓe, zai tsotse maganin da gubar ma, in koma gidan jiya. Na zaɓi in ƙara bitamin C kaɗan in kuma riƙa sauya faranti duk mako.

Dunƙule 117 sun hau haigromaisin 10, tare da sefotaksim. Na sa faranti biyu na waɗanda ba a taɓa ba a kan gubar, su zama ma'auni.

Laraba, 10 ga Afrilu

Sallah. Bayan idi na leƙa minti goma. Babu hazo. Sauyi gobe.

Alhamis, 18 ga Afrilu

An hau 20. Yawancinsu sun fara fari daga sama.

Alhamis, 2 ga Mayu

Faranti duk ruwan ƙasa da fari. Na ma'auni sun mutu gaba ɗaya, yadda ya kamata. A sauran ban ga komai ba tukuna. Sai sauyi da jira. Sefotaksim ya kusa ƙarewa, na yi odar wani tun yanzu.

Alhamis, 16 ga Mayu

Alhamdu lillahi. A jikin matattun dunƙule wasu 'yan ƙuraje kore sun ɓullo, wasu sai da madubi ake ganin su. Na ƙirga sau uku: 14. Ɗaya daga kashin da babu sinadari, takwas daga na 100, biyar daga na 200. Na yanke kowanne da aska daga jikin uwarsa, na ba shi lamba da gurbinsa.

Na hana kaina murna mai yawa. Kore a kan guba ba ya nufin an yi dashe. Wani yana zaune ne a saman gawar uwarsa, gubar ba ta kai gare shi sosai ba. Wani kuma maƙwabcinsa ne ya karɓi dashen yake kare shi. Yanzu da kowa ya taɓa abincin da jikinsa za a gani.

A hanyar gida na tuna okid mai shuɗin fure da aka yi a jami'ar Chiba ta Japan, wanda aka ɗauko masa ƙwayar launi daga wata ciyawa 'yar uwar balasanar da ke fitowa a gonakinmu da damina. Shi ma daga irin wannan ƙurji ya fara.

Litinin, 27 ga Mayu

Uku sun yi fari sun mutu. Goma sha ɗaya sun yi girman da zan iya gutsura. Fitar da DNA daga okid wahala ce, naman yana da yauƙi kamar kuɓewa, a zagayen farko abin da na samu ya ƙi narkewa, bakin bututu ma ya ƙi ja. Kak ta ce in ƙara gishiri a ruwan CTAB da ake fitar da DNA da shi, in sa sinadarin PVP, in kuma wanke da kulorofom sau biyu. Na biyu ya fito da kyau.

Alhamis, 30 ga Mayu

PCR, wato gwajin neman wata ƙwayar gado a cikin DNA, iri biyu a kan kowane samfur. Na farko yana neman ƙwayar jure guba. Na biyu yana neman virG, wadda ke jikin bakteriyar kawai, ba ta cikin guntun da ake turawa. Dalili shi ne in akwai sauran bakteriya a ɓoye cikin naman, gwajin farko zai nuna layi ko da tsiron bai karɓi komai ba, mutum ya yi ta murna a kan ƙarya.

Bakwai sun nuna layin farko. Huɗu babu komai, tsallake suka yi, har da ɗayan nan na kashin da babu sinadari. Cikin bakwai ɗin, biyu sun nuna virG, wato bayan mako goma a kan magani har yanzu tana nan a cikinsu ba ta fito fili ba. Ba zan zubar da su ba, amma ba zan ƙirga su ba. Saura biyar: lamba 3, 4, 8, 9 da 12. Huɗu daga na 100, ɗaya daga na 200. Biyar daga 150.

Talata, 4 ga Yuni

Na rina gutsure daga biyar ɗin. Lamba 8 shuɗi ne gaba ɗaya, ciki da waje, har na tsaga shi don in tabbata. Lamba 3, 4 da 12 rabi da rabi ne, wani gefe shuɗi wani fari, alamar cewa ƙwayoyin da suka karɓa da waɗanda ba su karɓa ba suna girma tare a jiki ɗaya. Lamba 9 babu shuɗi ko ɗigo. Wannan ya ɗaure mini kai, domin a wannan guntu gus ce ke gefen da ke fara shiga, ta jure guba ce a ƙarshe, to in ta ƙarshe ta isa da wuya a ce ta farko ba ta shiga ba. Farfesa na ganin tsiron ne ya rufe mata baki, abin da ke yawan faruwa in kwafi da yawa suka shiga wuri ɗaya. Zan nemi gus ɗin da PCR mako mai zuwa.

Kuɗin da aka kashe daga Janairu, ban da abin da ɗaki ke da shi tun asali: ringit 2,640. Mafi tsada haigromaisin da X-Gluc.

Abin da ke gaba. Masu rabi da rabi zan yanka su sirara in mayar kan guba 25, zagaye uku aƙalla, har fararen su ƙare. Biyun masu ɓoyayyar bakteriya za su koma kan meropenem, wani maganin bakteriya na daban, in an amince da kuɗinsa, in sake gwada su bayan wata guda. Lamba 8 zan yawaita shi ya kai kwalba biyar kafin in taɓa shi da wani gwaji, a ajiye a kanta biyu daban-daban. Gwajin Southern, wanda zai nuna kwafi nawa suka shiga, yana buƙatar DNA mai yawa, ba kafin Satumba ba. Dashe na uku ranar 25 ga Yuni, bayan babbar sallah, asetosiringon 100 kaɗai, dunƙule 300, kuma wannan karon zan gwada kwana biyu da kwana uku gefe da gefe. Gobe sayen kwakwa da haɗa abinci lita huɗu.